Clippy da 'Yan Uwansa a Shagunan Intanet na Nima da Maamobi

Clippit, wanda duniya ta fi sani da Clippy, zanen katun ne na ƙarfen maƙale takarda mai manyan idanu da gira, da kamfanin Microsoft ya saka cikin manhajar Office 97 domin ya taimaki mai aiki da kwamfuta. Wani mai zane ɗan Amurka, Kevan Atteberry, shi ya zana shi. Yakan tsaya a gefen allo yana ƙifta ido, yana lanƙwashe jiki, kuma da zarar mutum ya buɗe Word ya rubuta gaisuwar fara wasiƙa da Turanci, sai ya yi tsalle ya ce ga alama wasiƙa ake rubutawa, ko ana son taimako.

Tunanin da ya haife shi ba na wasa ba ne. Malamai biyu na Jami'ar Stanford, Clifford Nass da Byron Reeves, sun nuna a bincikensu cewa mutane kan ɗauki kwamfuta tamkar mai rai ba tare da sun lura ba: suna yi mata ladabi, suna jin haushinta. A 1996 suka tattara wannan a littafinsu The Media Equation. Microsoft ta ga cewa in haka ne, gara a ba na'urar fuska. Ta gwada wannan da Microsoft Bob, a watan Maris na 1995, inda aka mayar da allon kwamfuta ɗakunan gida, wani kare mai suna Rover yana yi wa mutum jagora. Bob bai yi kasuwa ba, kafin shekara ta zagayo sosai an janye shi. Amma ba a janye tunanin ba, sai aka kai shi Office.

A ƙarƙashin zanen akwai lissafi na gaske. Sashen bincike na Microsoft, a wani aiki mai suna Lumière da Eric Horvitz ya jagoranta, ya ƙera hanyar da manhaja za ta riƙa duba abin da mutum ke dannawa, ta kintaci abin da yake nema ta hanyar lissafin yiwuwa. Sai dai abin da ya shiga kasuwa bai ɗauki wannan bincike gaba ɗaya ba. Ɓangaren da ke amsa tambaya in an rubuta ta ya amfana da shi, amma shawarar lokacin da Clippy zai faɗo an bar ta ga wasu ƙa'idoji masu sauƙi. Shi ya sa ba ya tuna mutum. Wanda ya rubuta wasiƙa ɗari da wanda yau ya fara taɓa kibod, tambaya ɗaya yake yi musu.

Ta shagunan intanet Clippy ya isa zangon Accra. Ghana ta samu cikakkiyar hanyar intanet a 1995, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor. A ƙarshen 2001 aka buɗe BusyInternet a kan titin Ring Road na Accra, ba nisa da unguwar Nima, kuma cikin 'yan shekaru ƙananan shagunan intanet suka bazu a unguwannin zango. Jenna Burrell, mai binciken zamantakewa, ta zauna da matasan irin waɗannan shaguna, har da na Maamobi, ta rubuta littafin Invisible Users da ya fito a 2012. Yawancin kwamfutocin shagunan na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a Turai da Amurka aka shigo da su ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Tsohuwar na'ura kuwa tsohuwar manhaja take ɗauka. Saboda haka, ko da Microsoft ta kashe Clippy a Office XP na 2001 sai wanda ya kunna shi da kansa, ta kuma cire shi ɗungurungum a Office 2007, duk kwamfutar da ke ɗauke da Office 97 ko 2000 ta ci gaba da nuna shi.

A nan ne rauninsa ya fi fitowa fili. An tsara shi ne da tunanin mutum ɗaya mai kwamfuta tasa a ofis ko a gida, mai Turanci a baki. A shagon zango na wancan lokaci kuwa kujera ɗaya mutane da yawa ke zama a kanta a wuni guda: ɗalibi mai buga aikin makaranta, ɗan kasuwa mai aika saƙo ga ɗan uwansa a Jamus ko Italiya, saurayi mai neman abokin wasiƙa, da mai cike takardar cacar bizar Amurka, wadda daga 2003 ta koma ta intanet kaɗai. Kuma lokaci ake saya. Kowane minti da aka ɓata wajen neman inda za a danna a kori zanen, kuɗi ne ya tafi. Halinsa ya yi kama da na baƙon da ke faɗowa ɗaki ba sallama, ya tsoma baki cikin maganar da ba a kira shi ba, gobe kuma ya dawo bai san mai gidan ba.

Harshe ma ya raba su. Nima da Maamobi unguwanni ne da Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Mosi da Fulani da sauransu ke haɗuwa a kan Hausa. Microsoft ta yi wa wasu kasuwanni nasu zane, kamar Kairu, dabbar ruwa ta dolfin, ga Japan, da Sarkin Birai na tatsuniyar Sin, amma babu wanda aka yi wa Afirka ta Yamma. Fassarar Windows zuwa Hausa ba ta zo ba sai bayan an riga an cire Clippy. Ainihin aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, yaron shago ne ya yi shi: shi ke buɗe wa mutum adireshin Yahoo, ya nuna masa yadda ake riƙe linzami, ya gane daga zaman mutum ko yana bukatar hannu ko a ƙyale shi, kuma ya yi bayani da Hausa ko Twi ko Turancin titi. Wannan sanin lokacin magana da lokacin shiru shi ne abin da injiniyoyin suka kasa sakawa cikin na'ura.

Clippy ba shi kaɗai ba ne. Akwai Links kyanwa, da Rocky kare, da Merlin mai sihiri, kuma Rover ya dawo a Windows XP yana taya neman fayil. Fasahar Microsoft Agent ta ba wasu kamfanoni damar yin nasu, kuma daga nan ne BonziBuddy ya fito a 1999, wanda aka fi sani da siffar goggon biri mai launin shunayya da ke magana da waƙa da ba da dariya. Kyauta ake sauke shi, amma yana tattara bayanan mai amfani, yana cika allo da tallace-tallace, abin da ke ƙara wa tsohuwar kwamfuta nauyi. A 2004 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci kamfaninsa tarar dala 75,000 saboda karɓar bayanan yara ba da izinin iyayensu ba, a shekarar kuma aka daina shi.

Mataimakan da suka biyo baya, Siri a 2011 da Cortana a 2014, sun ajiye fuskar katun, suna jira sai an kira su. A wannan lokacin ne wayar hannu ta fara janye matasan zango daga shagunan intanet, aikin da ake biya a yi a kujerar shago ya koma tafin hannu. A 2021 Microsoft ta dawo da Clippy a matsayin ɗan hoton da ake sakawa cikin saƙo, ba ya magana, ba ya ba da shawara.