Gidan Da Ke Tafiya: Daga Garejin Funtuwa Zuwa Tsaunin Mambila

Idan kaka ta yi, masara ta bushe a gonakin Bakori da Ɗandume da Ƙafur, garejin manyan motoci da ke bakin garin Funtuwa ba ya barci. Tun kafin assalatu ake tayar da injuna su ɗumama, mai shayi ya hura wuta, 'yan dako su ɗaure ɗamara. Funtuwa mararraba ce. Hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta ratsa ta, wata ta bi ta Malumfashi ta nufi Yashe da Katsina, wata kuma ta gangara Birnin Gwari. Duk abin da yankin nan ya noma, masara ne, dawa ce, waken suya, auduga ko tumatirin Ɗanja, sai ya hau bayan mota kafin ya zama kuɗi a aljihun manomi.

Mutanen garejin nan suna da iyali a cikin gari da ƙauyuka, amma mafi yawan kwanansu a mota suke yin sa. Leƙa kan tirela ka gani. Bayan kujerar direba akwai ɗan siririn gado da labule, an naɗe bargo a gefe, ga dadduma, ga carbi rataye a jikin madubi. A ƙarƙashin bodi an walda akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ciki akwai risho ko murhun gawayi, tukunya, shinkafa, manja, ƙullin yaji da daddawa. An ɗaure jarkokin ruwa da igiya, buta tana lilo kusa da safayar taya. Inda dare ya yi, nan yaron mota zai shimfiɗa tabarma tsakanin tayoyi, ya ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfe, ya ɗora girki.

Gidan yana da tsari irin na kowane gida. Direba shi ne maigida, da haka yaransa ke kiransa, ko su ce oga. Babban yaro ya fara taɓa sitiyari, shi ke gyara wa mota tsayuwa a gareji. Ƙaramin kuwa wanki da girki da ɗaure tamfol nasa ne, kuma shi ke dirowa da waigi a hannu duk inda mota ta tsaya a kan hawa. Da haka ake koyon sana'ar, shekara da shekaru, kafin a damƙa wa mutum makulli. A Turai da Amurka akwai masu sayen mota mai gado da kicin da banɗaki domin yawon hutu a tsaunuka. Namu mutanen neman abinci ya fitar da su, kuma hanyoyin da suka taka sun fi na mai hutu wuya nesa ba kusa ba.

Galibin motocin kudu suke yi da hatsi, Legas da Ibadan da Anaca. Amma lodi ke jan mota. Mutum zai sauke kaya a Jalingo, ɗan kamasho ya tare shi da zancen siminti ko taki ko gishirin shanu da ke neman mota zuwa Gembu da ke kan tsaunin Mambila, shi ke nan tafiya ta miƙe. Direban da ya taɓa hawa Mambila ya dawo lafiya, kallon da ake yi masa a gareji daban ne, domin kowa ya san hanyar ba ta ɗan koyo ba ce.

Daga Funtuwa tafiyar ta haura kilomita 1,000. A bi Zariya da Jos, a sauka Bauchi da Gombe, a ƙetare Binuwai a Numan, a shiga Jalingo, babban birnin jihar Taraba. Daga nan sai kudu, ta Bali zuwa Serti, har Mayo Selbe da ke gindin dutse. A nan kowane direba mai hankali yake tsayawa. A duba birki, a cika lagireto da ruwa, a ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, a sake jan igiyar tamfol. Ba a fara hawa da yamma, gara a kwana a ƙasa a tashi da hasken safiya.

Hawan kansa kwana ce a kan kwana, dutse ta hannu ɗaya, rami mai zurfi ta ɗayan. Direba zai sa mata lamba wan, ya kashe rediyo, hira ta ɗauke. Injin yana kuka, mota tana jan ciki, har yaron mota yakan sauka ya bi ta a ƙafa, waigi a kafaɗa, idonsa a kan tayar baya. Da ya ji kukan injin ya canza, ko maigida ya ƙwala masa kira, "Kai yaro, waigi!", sai ya cusa katakon a bayan taya kafin motar ta yi tunanin komawa. Akwai hawan da direbobi ke kira Biyu da Sisi, wanda sunansa ba ya fita daga bakin duk wanda ya bi ta wurin. Saukowa kuma ta fi hawa haɗari, domin wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai rabi. Da giya ake sauka, sannu ba ta hana zuwa.

Da an kai Maisamari, sai duniya ta sake kama. Funtuwa tana kan tudun da bai wuce kimanin mita 700 daga teku ba, Mambila kuwa kimanin mita 1,600 ne, babu tudun zama mai tsayinsa a Nijeriya. Tuddai ne kore shar iya ganinka, shanun Fulani sun bazu a kansu, domin sanyi ya hana ƙudan tsando sakewa. Gajimare kan sauko kan titi da rana tsaka har sai an kunna fitila. Ga layukan itacen turare, ga ayaba da fiya a bakin hanya, ga gonakin ganyen shayi a Kakara kusa da Nguroje. Mutumin da ya saba kwana a kan tamfol da 'yar shara a watan Afrilu, a nan sai ya haɗa bargo biyu ya shige kan mota ya rufe gilashi. Zai kuma ji Hausa da Fulatanci a kasuwa tare da harshen Mambila, ya ci abinci a rumfar ɗan'uwansa Bahaushe. A da yankin yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ta riƙe, wanda ya zaɓi zama cikin Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke Gembu sunan Sardauna take ɗauke da shi har yau.

Abin da ke damuna shi ne abin da direbobin suke wucewa ba su shiga ba. A Serti hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda aka kafa a 1991. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya. A cikinsa akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Akwai dorina da ɓauna da birai iri-iri, har da cimfanzi, da tsuntsaye fiye da nau'i 500. Direba yana ganin allon gandun ta gilashi, amma mai kaya yana jiransa, kuɗin gas yana ƙaruwa, shingayen hanya sun riga sun cinye masa rabin yini. Haka zai wuce, kamar wanda ya kai ƙofar ɗaki aka ce ya juya.

Duk da haka ba sa dawowa hannu biyu. Suna sauko da katako ko shanu ko ayaba, suna kuma sauko da labari. Bayan sallar isha'i, a bencin mai shayi, za ka ji wanda ya je yana ba yara labarin ƙoramun da ba sa ƙafewa ko da rani, ruwa garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin kurmi. Abin da idonsa ya gani shi ne abin da masana ke faɗa: dazukan waɗannan tsaunuka su ke riƙe ruwan sama su sake shi a hankali zuwa kogin Taraba da kogin Donga, waɗanda ke zuba a Binuwai. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin mu ma a kan tushen ruwa muke zaune. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso, kuma manoman rani masu yawa a Zamfara da Sakkwato da Kabi da shi suka dogara. Mu kuwa mun sare ɗorawa da kaɗanya mun yi gawayi, mun nome har bakin rafi, sannan muna mamakin yadda zaizaya ke cin gonaki, rijiyoyi suna ƙara zurfi.

Saboda haka ina ganin ilimin da ke cikin garejin nan bai kamata ya ƙare a bencin mai shayi ba. Malamin labarin ƙasa a sakandaren Funtuwa ko Malumfashi zai iya gayyatar tsohon direba ya tsaya gaban aji ya faɗi yadda ƙasa ke sauyawa daga Zariya zuwa Gembu. Makarantun da ke da hali su shirya wa ɗalibai ziyara zuwa Serti da rani, lokacin da hanya ta fi kyau, a bi shawarar waɗanda suka san inda ake kwana da inda ba a ratsawa da dare. Su kuma direbobin, haƙƙinsu ne a samar musu wuraren tsayawa masu tsaro da ruwa da makewayi, domin ta hannunsu amfanin gonarmu ke isa kasuwa. Yaron da ya ga kurmin Gashaka da idonsa, ya sha ruwan da ke fitowa daga cikinsa, zai yi wuya ya dawo gida ya ɗora gatari a kan ɗorawar gonar ubansa.