Daga Chalawa Zuwa Bakin Teku: Hanyar Da Fata Ke Bi

Tun kafin mutum ya hango katangar masana'antun Chalawa, hancinsa ke ba shi labarin inda ya iso. Warin jima ne, na ɗanyar fata da gishiri da ruwan sinadari. A harabar kamfanonin, leburori sanye da dogayen takalman roba suna sauke fatun awaki da na tumaki da aka kwaso daga kasuwannin Sakkwato, Katsina, Maigatari har da Maraɗi, kowace an barbaɗe ta da gishiri an ninke. Daga nan sai cikin manyan ganguna masu juyawa, a cire gashi, a jeme, fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya da danshinta. Wasu a nan ake ƙarasa su, a rine, a goge har su yi sheƙi. Idan kwantena ta cika sai a buga mata hatimi, tirela ta ja da baya ta ɗauka. Mai ɗinkin takalmi a Italiya ko Sifen yana can yana jira, amma kafin kayan su ga ruwan teku sai sun ci kimanin kilomita 1,000 a kan titi.

Ba a cika sa wannan hanya a lissafin wuraren yawon buɗe ido ba. An fi jin sunanta ranar da gada ta karye ko tankar mai ta faɗi. Alhali duk wanda ya bi ta da rana, idonsa biyu, zai ratsa tsofaffin birane masu ganuwa, ya ga ƙasar kuka da ɗorawa tana komawa ƙasar kaɗanya, kaɗanya ta ba kwakwar manja wuri, kuma kusan a kowane zango zai tarar da sawun Bahaushen da ya riga shi zuwa.

A da, fatar Kano arewa take fuskanta. Ayarin raƙuma ke ƙetare hamada da ita zuwa Gadamas da Tarabulus, har Turawa suka riƙa kiran jar fatar akuyar ƙasar Hausa da sunan fatar Maroko, don ta Arewacin Afirka take isa hannunsu. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta juya akalar ciniki kudu. Gyaɗa ta yi daraja, dalar gyaɗa ta tashi, su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, kuma a Bompai, wadda ita ce babbar yaya a unguwannin masana'antun Kano uku, aka kafa injinan matsar mai da masaƙu da kamfanonin alewa. Sharaɗa mai kashi uku ta biyo baya, yau an fi saninta da kayan roba: buta, bokiti, silifa, tabarma, leda. Chalawa kuwa, can gefen kogi a ƙaramar hukumar Kumbotso, jima ce sana'arta, kuma manoma da masunta na bakin kogin sun daɗe suna kuka da ruwan da ke fitowa daga cikinta. Kamfanoni da dama sun rufe saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje. Waɗanda suka rage, rayuwarsu na rataye da titin Ikko: ta nan ƙwayar roba da sinadarai da kayan gyaran inji ke haurowa, ta nan fata da riɗi da zoɓo ke gangarawa. Ko tashar kan tudu ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, don a riƙa gama aikin kwastan a gida, ba ta rage tsawon hanyar da taku ɗaya ba.

Ana wuce Na'ibawa, a haye gadar Tamburawa, gari ya fara sakin mutum. Lokacin da ya fi daɗin wannan tafiya shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu. Ko'ina ya bushe, hazo ya sauka, sai kwatsam a Kura da Kadawa ido ya faɗa kan kore shar: alkama, albasa, masara da tumatir, duk da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Bako. A Kwanar Gafan za a ga kwandunan tumatir jere a bakin titi, an rufe bakinsu da takarda an ɗaure, 'yan dako suna cilla wa juna har saman mota. Kasuwar Mile 12 ta Ikko suka nufa, kuma direban tumatir bai san wani abu wai shi hutu ba, domin kwana ɗaya na jinkiri kan mai da lodi ya zama ruwa. Kura ɗin nan ita ce garin rini da bugu, inda ake yin baƙin rawanin nan mai walƙiya da Buzaye ke ji da shi har Agadas.

Zariya ta cancanci a kashe mota. Matafiyi da yawa iyakarsa Kwangila, ya sha shayi ya wuce, bai san abin da ya bari a bayan Ƙofar Doka ba. A cikin birni akwai masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. An kewaye shi da sabon gini, amma ainihin aikin yana nan ciki: ginshiƙai masu kauri, bakan gizo na ƙasa da azara suna haɗuwa a sama, da zanen da aka fitar a jikin bango da hannu. Masana gini daga ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce a kansa, ga shi kuma ɗan Kano na iya wuce shi sau ɗari bai taɓa leƙawa ba. Ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina tana nan, dutsen Kufena yana hange daga yamma. A garin nan ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, a Samaru kuma Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962.

Jaji, Mararrabar Jos, Kawo. Kaduna yarinya ce a cikin garuruwan hanyar, Turawa suka maida ita hedikwatar Arewa bayan Zungeru, kuma rufaffun masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, labarinsu ɗaya da na Bompai. Muhimmancinta ga direba shi ne a nan ake yanke shawara. Gajeriyar hanya ita ce ta Birnin Gwari zuwa Tegina, amma ta'asar 'yan bindiga ta sa da yawa sun ƙaurace mata shekara da shekaru. Wasu su bi ta Abuja da Lakwaja da Okene. Wasu kuma su gangara har kusa da Suleja, su karya yamma ta Lambata zuwa Bida. Mai son ganin ƙasa, wannan ta ukun ce tasa.

Suleja garin Zazzagawa ne da jihadi ya taso. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu, bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau ake ce mata. Takardun kuɗi biyu na aljihun matafiyi daga nan suka samo hotonsu: dutsen Zuma da ke bayan tsohuwar naira 100, wanda ke tsaye sumul a bakin titi wajen Madalla, da Ladi Kwali mai ginin tukwane da ke bayan naira 20. Idan damina ce, a ɗan ratse a ga faɗuwar ruwan Gurara, ana jin rugugin tun ba a iso ba.

Daga Lambata zuwa Lapai da Agaie, ƙasa ta yi ja, kunyoyin doya sun tashi tsibi-tsibi, mata na tafe da itace da ƙwaryar ƙwarar kaɗanya. Titin nan ya sha lalacewa da damina, tireloli su yi layi kwana da kwanaki. A irin wannan tsaiko ake ganin zaman mota: yaron mota ya sa weji a taya, ya hura risho a ƙarƙashin bodi ya ɗora shinkafa da wake, ya shimfiɗa tabarma a inuwar kwantena ya ce, "Oga, abinci ya sauka." Direban da ke gaba ya miƙo barkono, na baya ya kawo labarin inda titi ya buɗe.

Bida, fadar Etsu Nupe, gari ne na masu sana'ar hannu. Maƙeran tagulla suna buga faranti da buta da tasa, a unguwar Masaga kuma ana narka kwalba a murhun ƙasa a fitar da awarwaro da duwatsun wuya. Sojojin kamfanin Royal Niger sun ci garin da yaƙi a 1897, shekara shida kafin Kano ta faɗi. Fadamun shinkafa sun kewaye shi, shi ya sa cibiyar binciken hatsi ta ƙasa take Badeggi, nan kusa. A haye kogin Kaduna a Wuya, a wuce Kutigi, sai Mokwa, mahaɗar da motocin Kwantagora da na Tegina ke faɗowa. Duk mai wucewa ta nan ya yi wa mutanen garin addu'a: ambaliyar ƙarshen watan Mayun 2025 ta ci rayuka sama da 150 a dare ɗaya. Gaba kaɗan kuma akwai Tatabu, inda karyewar gada a 2017 ta tsai da zirga-zirgar manyan motoci tsakanin Arewa da Kudu, aka ga yadda cinikin ƙasa guda ya dogara da 'yan ginshiƙan kankare.

Babu wurin da ya kai Jebba kyau a duk tafiyar. Kogin Kwara ya rabu biyu ya rungume tsibiri, wani baƙin dutse ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, kwale-kwalen Nufawa suna kai da kawo a ƙarƙashin gada. Gwamna Lugga ya zauna a nan kafin ya koma Zungeru a 1902. Kafin a gama gadar jirgin ƙasa a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, fito ake yi da taragai a kan jirgin ruwa. Akwai hasumiyar tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, akwai madatsar wutar lantarki a sama da garin, akwai kuma soyayyen kifi da mata ke miƙowa ta tagar mota.

Ilori ba baƙon wuri ba ne ga ɗan Arewa. Zuriyar Shehu Alimi ke sarauta, masarautar tana ƙarƙashin Gwandu a zamanin daular Usmaniyya, kuma unguwar Gambari ta Hausawa ce tun da daɗewa. A nan ya kamata mai ƙaramar mota ya kwana. Washegari sai Ogbomosho mai mangwaro da kashu, sai Oyo, sabon mazaunin da Alafin Atiba ya kafa a shekarun 1830 bayan tsohon birnin ya watse, inda masu sassaƙar ƙwarya ke baje kaya a bakin hanya. Iska ta yi nauyi, itatuwa sun yi tsawo, jarkokin manja sun maye gurbin buhunan gero.

Ibadan, wadda tsofaffin fatake ke kira Badun, teku ce ta jan kwano a kan tuddai. Unguwar Sabo ta Hausawa an kafa ta a 1916, kuma shanu da goro suka raya ta: shanu su gangaro, goro ya haura. Har littafi wani masani mai suna Abner Cohen ya wallafa a 1969 kan yadda masu gidajen Sabo da dillalansu ke tafiyar da cinikin nesa bisa amana da bashi, ba banki ba takarda. Zaman bai rasa gargada ba, rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 shaida ne, amma kasuwanci ya ci gaba. A Shagamu ma akwai Sabo, inda ake ɗaure huhun goro da ganye a yayyafa masa ruwa, wanda bayan kwana biyu za a kwance a kasuwar Mariri ta Kano.

Babban titin Ibadan zuwa Ikko, da aka buɗe a 1978, bai kai kilomita 130 ba, amma yana iya cinye wuni. Tireloli na yada zango a Ogere suna jiran kira, domin tun 2021 sai da lambar izini ta intanet mota ke shiga Apapa da Tin Can. A bakin shiga gari akwai kasuwar shanu ta Kara, ciki kuma Agege, Idi-Araba da Obalende, inda Hausa ke tashi kamar a Fagge. A Apapa ƙugiya ke sunkuyowa ta ɗauke kwantenar Chalawa, aikin direba ya ƙare, sai neman lodin komawa.

Matafiyin da ba kaya ya kawo ba, ya ƙara gaba yamma zuwa Badagiri, dab da iyakar Benin. Daga nan Baturen nan Kilabatan ya taso a Disambar 1825, bai iso Kano ba sai tsakiyar 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da ƙananan gidajen tarihi masu ajiye da sarƙoƙi da mari. Ana shiga kwale-kwale a haye zuwa Gberefu, a taka rairayi a ƙarƙashin itatuwan kwakwa har inda igiyar Atalantika ke dukan gaɓa. Ta wannan gaɓa, da ta Ikko da Wida, aka fitar da bayi zuwa Barazil, cikinsu har da Hausawan da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun masu sayarwa. A jihar Bahiya, Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salbado cikin watan azumi na 1835. Bayan an murƙushe su, hukuma ta samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, kuma wasu daga cikin takardun suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Bahiya har yau.