Kafin Ka Zauna a Gidan Abincin 'Yan Asiya

Da wuya a yi biki yanzu a Kano ko Kaduna ko Abuja ba a raba samosa ba. Mai shayi ba ya rabuwa da katan ɗin Indomie, yara na layi da yamma a gaban mai suyar awara, samari kuma sun mayar da shawarma tsarabar zuwa zance. Duk waɗannan daga Asiya suka fito. Samosa ta biyo ta Indiya, shawarma 'yar ƙasar Sham ce, awara Sinawa ne suka fara yin ta fiye da shekara 1,000 da suka wuce, Indomie kuwa ta wani kamfanin Indunusiya ce. Har farin magin da ke cikin miyarmu a Japan aka ƙirƙiro shi. Ke nan abincin wancan yankin ya daɗe da zama ɗan gida a bakinmu.

Duk da haka, ranar da aka gayyaci mutum gidan abincin Sinawa ko Indiyawa, sai ka ga ɗayan biyu. Wani zai ce Allah ya kiyaye, ai su kare da maciji suke ci. Wani kuma zai shiga, kunya ta hana shi tambaya, ya nuna hoto da yatsa, a kawo masa abin da bai san da me aka yi shi ba. Duka biyun rashin sani ne, wanda masu iya magana suka ce ya fi dare duhu. Abin da ke raba mutum da wannan duhun bai wuce 'yan tambayoyi kaɗan ba, muddin ya san inda zai jefa su.

Ba tukunya ɗaya ba ce

Kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen duniya a Asiya suke, saboda haka babu wani abu guda da za a kira abincin Asiya. A biranenmu dai iri uku ne suka fi yawa, kuma kowanne ya biyo mutanensa ne. Kwarori, wato mutanen Labanon da Siriya, sun yawaita a Kano bayan layin dogo ya iso a 1911. Sun yi cinikin gyaɗa da yadi, har yau ga Kantin Kwari da titin Beirut suna ba da shaida. Sinawa daga Hong Kong sun zo a shekarun 1960 suka kafa masaƙu da masana'antu a Kaduna da Kano, daga baya kamfanonin gine-gine suka biyo, irin wanda ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Indiyawa kuwa sun zo a matsayin 'yan kasuwa da likitoci da malaman makarantun sakandare.

Abincin Labanon shi ya fi sauƙin shiga ga baƙo. Ana fara jera ƙananan faranta a tebur: humus, wanda wani irin wake ne da ake markaɗawa da riɗi da lemon tsami da tafarnuwa, da tabbule mai ganyen fasli da ɓarzajjen alkama, da falafil, da gurasa mai zafi. Bayan nan gasasshen nama ya biyo. Babu yaji mai yawa, tsami da man zaitun ne ke jan ragama. Abu ɗaya da za a kula da shi shi ne kibbe. Akwai soyayye, akwai kuma wanda ake ci ɗanye, naman da aka kirɓa ba a ɗora a wuta ba. Wanda bai saba ba ya nemi soyayyen.

Girkin Indiya na kayan ƙamshi ne: citta, kanumfari, kirfa, kurkur, hulba, ana soya su a man shanu kafin a zuba komai. In ka leƙa kicin ɗinsu za ka ga tanderun yumɓu mai zurfi, gawayi na ci a ƙasansa. Mai gashi zai murza curin kwaɓi a tafin hannu, ya zura hannu ya manna shi a jikin bangon tanderun, cikin minti ɗaya ko biyu ya kumbura ya yi ɗige-ɗigen ƙuna, ya sa ƙugiya ya ciro shi. Wannan ita ce gurasar da suke kira nan. Ana cin ta da miyar wake da suke kira dal, ko da kaza. Biryani kuma shinkafa ce mai dogon tsinke da ake turarawa tare da nama. Idan yaji ya kama ka, kada ka yi ta ɗirkar ruwa. Nemi lassi, wanda kindirmo ne da aka kaɗa, domin nono ne ke kwantar da zafin barkono.

Na Sin ya fi kowanne faɗi. Su kansu sun kasa girkinsu manyan gidaje 8. Mutanen arewa sun fi cin alkama, na kudu shinkafa. Girkin Kanton ba ya son yaji, na Sicuwan kuwa yana da wani ɗan ƙwaya da ke sa leɓe ya yi zir-zir kamar ya mutu. Yawancin abin da ake sayarwa a nan an riga an gyara shi daidai da bakinmu: an ƙara attaruhu, an ƙara mai, an rage abubuwan da za su ba mu tsoro.

Inda gizo ke saƙar

Musulmin da ke fargabar naman kare ya sani cewa tsiraru ne ke cin sa ko a can Sin, kuma a 2020 hukumomin ƙasar sun fitar da kare daga jerin dabbobin kiwon ci. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne alade da giya. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a Sin ake cin sa. Ya zama ruwan dare har ta kai idan aka rubuta nama kawai a jerin abinci, ba a ce na sa ko na rago ba, to galibi alade ake nufi. Kuma ba lallai ka gan shi da ido ba. Yana iya ɓuya a cikin romon da aka dafa taliya, ko a kitsen suya, ko a niƙaƙƙen naman da aka cusa cikin ƙullin fulawa, ko 'yan jajayen gutsattsari a cikin soyayyiyar shinkafa.

Giyar shinkafa kuwa kayan miya ce a wurinsu. Sinawa na da ta Shawshin, Japanawa na da mirin da sake. Kuku zai zafafa kaskonsa mai zurfi har ya fara hayaƙi, ya watsa nama, ya tsiyaya giyar a gefen kaskon, wuta ta tashi fau, ya girgiza sau biyu ya juye a faranti. Ana yawan cewa ai wuta na ƙone barasar, amma gwajin da aka yi a Amurka ya nuna ba haka abin yake ba. Bayan minti 15 ana dahuwa, kusan kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, kuma ko bayan awa 2 da rabi akwai ragowar kusan kashi 5. Ita kuwa wannan suyar ba ta wuce 'yan mintuna. Baƙin ruwan waken soya da ake tsimawa shi ma yana ɗauke da ɗan burbushin barasa da tsimin ke haifarwa. Malamai sun yi saɓani a kansa, kuma akwai wanda ke da tambarin halal ga mai son fita daga shakka.

Saboda haka tambayar "Akwai alade a ciki?" ba ta isa ba. A ƙara da: "Da wane mai kuke suya? Romon nan na ƙashin me ne? Kuna sa giyar girki? Kaskon da kuke soya alade daban yake?" Sannan a tambayi inda suke sayen nama. Gidajen da ke Kano da Kaduna galibi daga kwata da kasuwannin gari suke saye, kuma da yawansu ba sa ajiye alade sam, domin sun san masu cinikinsu. Amma wannan ba hujja ba ce ta yin shiru a Legas ko Abuja, inda wasu gidajen ke girka wa Sinawa 'yan uwansu ne tun asali.

A gidan Indiyawa matsalar ta yi sauƙi. Mabiya addinin Hindu da yawa ba sa cin naman shanu, wasu ba sa cin nama kwata-kwata, don haka kusan kullum akwai sashe guda na abincin da babu nama. Alamarsa koren ɗigo ne a cikin koren murabba'i. Wanda bai gamsu da yanka ba ya tsaya a nan, zai ƙoshi. Su ma Kwarori akwai Musulmi akwai Kirista a cikinsu, kuma wasu gidajen na sayar da giya, don haka ganin rubutun Larabci a allo bai ɗauke wa kowa tambaya ba. Kifi da jatan lande da ƙaguwa dai halal ne a mazhabar Malikiyya da muke bi, sai dai a kula da abin da aka dafa su da shi.

Farin magi da gishiri

An daɗe ana ɗora wa farin magi laifin ciwon kai bayan cin abincin Sinawa. Wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya fitar da sinadarin daga ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Zargin ya samo asali ne daga wasiƙar da wani likita ya aika wa wata mujallar likitanci a Amurka a 1968. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da cewa yana cutarwa ba idan an ci daidai misali. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano ma yana nan a cikin tumatir da daddawarmu.

Gishiri ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Babban cokali ɗaya na ruwan waken soya yana ɗauke da kusan rabin wannan adadin, ga shi kuma ana sa shi a girki, a sake ajiye kwalba a tebur. Mai hawan jini ya roƙi a rage masa, kada kuma ya shanye romon taliya. Mai ciwon suga ya yi hattara da jar miyar nan mai zaƙi da tsami, da kayan zaƙin Indiyawa da na Kwarori da ake tsomawa a ruwan suga. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ko jatan lande ya faɗa tun kafin a ɗora kasko, musamman a girkin Tailan, inda ake daka su cikin miya ba a ganin su. Mai juna biyu kuma ta haƙura da sushin Japanawa mai ɗanyen kifi.

Sai ragowar shinkafa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje sai ƙwayar ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Alamarta amai ne cikin 'yan awanni. In an ƙunso maka ragowa, a sa ta a firij kafin awa 2, a lokacin bazara ma kafin awa 1. Idan babu wuta, gara a ba wani ya ci nan take.

Zama da biyan kuɗi

Kuskuren da ke cinye aljihu shi ne kowa ya nemi farantinsa. Su Sinawa da Indiyawa da Kwarori tare suke ci, a jera a tsakiya kowa ya ɗiba, shi ya sa farantin ke da girma. Mutum huɗu za su ƙoshi da shinkafa ko taliya biyu, da nama ɗaya, da kayan lambu ɗaya. Ba dole ba ne a ci da tsinkayen nan biyu na Sinawa, neman cokali ba abin kunya ba ne. Amma in ka ɗauke su, kada ka soke su tsaye a cikin shinkafa, domin a al'adarsu hakan na tuna turaren da ake kunna wa mamaci. A gidan Indiyawa kuwa wanke hannu ka ci da dama, su ma haka suke yi. Kafin a kawo abinci a tambaya ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, da kuɗin hidima da wasu gidajen ke ƙarawa, don kada a ji kunya a gaban iyali.

Wannan sanin zai fi yi wa matafiya amfani. Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya birnin Gwanzu na ƙasar Sin ba sai ya cika jaka da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ba. A unguwar Shawbe, inda 'yan Afirka ke taruwa, akwai gidajen abincin Musulmin Sin birjik. 'Yan ƙabilar Hui na yin taliyar Lanjo da romon naman sa, a gabanka mai yi zai ja curin kwaɓi ya ninka, ya sake ja ya ninka, har ya zama sirara. Uigurawan Shinjan kuma na gasa tsiren rago. A shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da dama a can, don haka a haddace waɗannan haruffa biyu: 清真. Su ne alamar abincin Musulmi a Sin. Wanda ya kai majinyaci Indiya shi ma ya riƙe koren ɗigon nan.

Don haka mai karatu, kada jita-jita ta hana ka ɗanɗana abin da Allah ya halatta, kada kuma kunya ta sa ka haɗiye abin da ba ka sani ba. Kuɗinka ne, cikinka ne, addininka ne. Gidan da ma'aikatansa suka amsa tambayarka dalla-dalla, zauna ka ci. Wanda suka fara kame-kame, tashi ka nemi wani. Matambayi ba ya ɓata.