Hajiya Maɗaki, Matar Sarkin Katsina Dikko: Gidan da Ta Fito da Gidan da Ta Shiga

A cikin matan gidajen sarauta na ƙasar Hausa waɗanda suka rayu a zamanin Turawa, kaɗan ne ƙwarai aka rubuta labarinsu daga bakinsu. Hajiya Maɗaki tana cikin waɗannan kaɗan. An haife ta a Kano wajen 1907, jinin Sarkin Kano Abbas ce, aka kai ta aure Katsina gidan Sarki Muhammadu Dikko, ta zauna da shi har ya rasu a 1944. Ta yi tsawon rai bayansa, har wata manazarciya Ba'amurkiya mai suna Beverly Mack, wadda ta yi bincike a Kano, ta ɗauki labarinta, aka buga shi a 1988 cikin littafin Life Histories of African Women wanda Patricia Romero ta tsara. A can an rubuta sunan da tsohuwar ƙa'ida, watau Ma'daki, kuma waƙafin nan yana madadin ɗ mai lanƙwasa ne. Sabo da haka kada mai karatu ya rikita shi da Madaki, sarautar maza.

Abin da ya sa labarinta ya cancanci nazari shi ne, gidajen nan biyu da ta haɗa, na haihuwa da na aure, dukansu hannun Turawa ne ya ɗora su bisa gado, amma fa ba daga tushe ɗaya suka hau ba.

A ɗauki Kano tukuna. Sa'ad da sojan Ingila suka shiga birnin ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya nan, ya tafi Sakkwato da manyan jama'arsa. A kan hanyar dawowa aka rabu. Alu ya nufi arewa, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ƙi juyawa, ya faɗi a Kwatarkwashi. Wambai Abbas kuwa ya tattara sauran jama'a ya komo da su Kano, ya miƙa wuya, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. To, Abbas ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Ibrahim Dabo wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano a 1819. Ko wane ne ya ba shi sandar, ba mai iya cewa ba gadonsa ba ce. Zamansa da Turawa ma ba lami lafiya aka yi shi ba. Razdan Kagil ya ƙuntata masa matuƙa, har ya ɗauki bawan sarki, Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, ya mai da shi Waziri bisa kansa, kafin a warware wannan naɗi.

Katsina dabam take. Tun zamanin jihadi sarautar tana hannun Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje mai tuta. Sarki Abubakar ya karɓi Lugga ba yaƙi a 1903, amma ba a daɗe ba aka tuɓe shi a 1904, aka naɗa Yero, shi ma Badallaje. Dikko a lokacin Durɓi ne, ya gaji ubansa Gidado, ya kuwa yi suna wajen tare mahara daga Maraɗi. Shi ne ya tsaya ga hidimar bariki sa'ad da fada take jan ƙafa. Da aka yi tashin Satiru a Fabrairu 1906, hankalin Turawa ya tashi ko'ina cikin Arewa, suka shiga auna wanda ke nasu da wanda ba nasu ba. Yero bai ci wannan awo ba. Kafin shekarar ta ƙare an fitar da shi, kuma bisa shawarar H. R. Palmer, Baturen da ke riƙe da Katsina, aka ba Dikko sarauta. Ba uban Dikko ko kakansa da ya taɓa zama Sarkin Katsina. Dallazawa suna nan cikin gari, suna kallo.

In an lura da wannan, ma'anar auren za ta fito. Sabon gida yana bukatar abin da takardar Gwamna ba ta iya ba shi, watau yardar tsofaffin gidaje, kuma a ƙasar Hausa ba shaidar yarda da ta kai a ba mutum 'ya. Gidan Dabo ya kusa shekara ɗari bisa gadon Kano, ga shi kuma Sulluɓawa ne kamar Dikko. Ranar da aka ɗauko amarya daga Gidan Rumfa aka shigar da ita fadar Katsina, an sanar da kowa cewa Kano ta ɗauki Dikko tsaranta. Ita amaryar yarinya ce, angon ya girme ta da shekara arba'in da wani abu. Irin wannan aure manya ke ƙulla shi tsakaninsu, ba a kuwa saba tambayar yarinya ba. Lalle kan mace aka ɗora nauyin zumuncin, ita ta bar garinsu da danginta, ta shiga cikin kishiyoyi da ƙwaraƙwarai waɗanda suka riga ta sanin gidan.

Sai dai 'yar sarki ba ta shiga gidan miji hannu sake. Tana zuwa da gara, da barori, da jakadu masu kai da komo tsakaninta da gidansu, tana kuma da wurin kai ƙara in an ci mutuncinta. Wannan gata shi ne farkon abin da ya bambanta ta da sauran matan gida. Na biyu kuwa halin mijin ne.

Dikko mutum ne mai son ganin duniya da idonsa. A 1921 ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, ya wuce Makka ya sauke farali. Ya sake zuwa Ingila a 1924, shekarar babban nunin kayan daular a Wembley, ya kuma koma a 1933. Masanin tarihi Moses Ochonu ya bi sawun tafiye-tafiyen nan cikin littafinsa Emirs in London na 2022. Abin da ya shafi wannan takarda shi ne Maɗaki tana cikin waɗanda suka ga Makka da Ingila tare da mijinta. Sai a tuna yadda kulle yake a gidan sarki a wancan zamani. Matar sarki ba ta leƙa ko da soron ƙofa, in ta kama dole ta fita, da dare ne, a lulluɓe, da rakiya. Ga mace da ta tashi cikin wannan tsari, ta hau jirgin ƙasa da na ruwa, ta ga biranen Turai da na Hijaz, ta zauna da matan Turawa ido da ido, ta kuma komo cikin kullen nan ba tare da ta fita daga mutuncinsa ba. Maza da yawa masu rawani ba su ga rabin abin da ta gani ba.

Amfanin wannan ya bayyana wajen karatun mata. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta maza ce zalla. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Kano da Katsina, da malamai Turawa mata, ɗalibai kuwa yawancinsu daga gidan sarki da gidajen masu sarauta aka tattaro su. Ana koya musu karatu da rubutu da lissafi kaɗan, da ɗinki da tsabta da renon yara, tare da karatun addini. Iyaye ba su so ba. Suna tsoron kada a mai da 'ya'yansu Nasara, ko su ƙi aure, ko su raina miji. Umurnin sarki yana iya kawo yarinya aji, amma ba ya kwantar da hankalin uwa. Baturiya kuwa, kome kyakkyawar niyyarta, baƙuwa ce, Hausarta ba ta nuna ba. A nan ne ake bukatar mace ta cikin gida wadda ta san Turawa, mata kuma suka san asalinta, kuma Maɗaki tana cikin waɗanda suka ba da hannu ga wannan aiki. Rahotannin Ma'aikatar Ilmi sunayen Turawa da na sarakuna suka fi adanawa, sabo da haka mai binciken da ya tsaya ga fayil kaɗai zai zaci makarantun nan da takarda aka kafa su.

Bai kamata a zarce da yabo ba. Mace mai ilmi tana koyar da mata ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta kafa 'Yan Taru da jajinsu masu shiga ƙauyuka. In aka gwada, makarantar 1930 ta fi ƙunci, don ba ta wuce ganuwar birni ba. A ƙauyukan kudancin Katsina, kamar 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, fuskar sabon zamani da mace ta fara gani ita ce haraji da jangali da awon auduga. Allon boko ya daɗe bai iso ta ba.

Akwai kuma maganar biyayyar kanta, wadda ba a gama sasantawa a kanta ba. Waɗansu suna auna Abbas da Dikko da Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya zaɓi hijira ya faɗi a Burmi a Yuli 1903, sai su ga sun gaza. Waɗansu kuwa suna kafa hujja da Wazirin Sakkwato Buhari, wanda ya rubuta risala yana bayyana dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu, domin kada jama'a su watse addini ya rasa mai riƙe shi. Malam Bello Kagara, cikin tarihin Dikko da ya wallafa a 1951, fuskar gyara da ci gaba ya nuna. 'Yan NEPU, waɗanda suka kafa jam'iyyarsu a Kano a 1950, fuskar zalunci na mulkin En'e suka nuna. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma duk gardamar ta maza ce a kan maza. Ba wanda ya shawarci matan gida ranar da aka yanke a yi yaƙi ko a miƙa wuya, ko da yake su ne suka bi Attahiru a ƙafa da goyo, su ne kuma aka aurar don a ɗinke abin da sulhu ya bari a yage.

Da Dikko ya rasu a 1944, bayan shekara talatin da bakwai da 'yan watanni bisa gado, Maɗaki ba ta cika arba'in ba. Shari'a ba ta bambanta matar sarki da matar talaka a nan. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, ba ado, ba turare, ba kwana a wani gida. Rabon matan aure daga dukiyar mamaci mai 'ya'ya tumuni ne, watau ɗaya bisa takwas, kuma shi za su raba tsakaninsu ko su nawa ne. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta tana samun 'yanci da mutuwarsa, ba ta gado, amma ɗanta yana gado daidai da ɗan matar aure, yana kuma iya zama sarki. Gidan sarauta da kayan sarauta ba sa shiga rabo, na mai hawa ne. Ta haka mace tana iya kwana ita ce abokiyar shawarar sarki, ta wayi gari ɗakin da take ciki ma na wata ne. Wadda ɗanta ya hau ita ke cin riba, a Kano har sarauta gare ta, Mai Babban Ɗaki. Sauran, abin da ke riƙe su shi ne 'ya'yansu, ko kirkin magaji, ko ƙarfin gidan ubansu.

Ta wannan fuska ta ƙarshe Maɗaki ba ta rasa madogara ba. A shekarar da ta yi takaba, Abdullahi Bayero ɗan Abbas ke sarautar Kano, ya hau tun 1926. Bayansa Muhammadu Sanusi ya hau a 1953, Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni a 1963, sa'an nan Ado Bayero, wanda ya riƙe har 2014, dukansu zuriyar Abbas. A Katsina ma abin da aka yi auren dominsa ya tabbata. Usman Nagoggo ɗan Dikko ya gaji ubansa, ya yi sarauta har 1981, ɗansa Muhammadu Kabir ya karɓa har 2008, Abdulmumini Kabir ya hau a wannan shekara. Wani jikan Dikko, Hassan Usman Katsina, shi aka ba mulkin Jihar Arewa a 1966 bayan kisan Sardauna. Dallazawa ba su sake hawa gadon Katsina ba tun fitar Yero.

Ikon da gidajen biyu suka samu a hannun Turawa kuwa ya zube a gaban idonta. Turawan sun tafi a 1960. Cikin shekarun yaƙin basasa gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage na En'e. A cikin wannan shekara ta 1976 ne aka ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a, shekara arba'in da shida bayan buɗe makarantar 'yan mata ta Katsina.