WAYAR SALULA A KASUWA, A AJI DA CIKIN GARKA



Duk wanda ya haura shekara 35 a ƙasar nan yana tune da zamanin da saƙo yake tafiya da ƙafa. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Legas sai ya nemi mai rubuta masa takarda, ko ya ɗauki muryarsa cikin kaset ya damƙa wa direba, saƙon ya yi kwana da kwanaki kafin ya iske iyali. Talho kuwa sai a buron gwamnati, da gidan waya, da gidajen ƴan tsirarun masu hali. A shekarar 2001 ne wayar salula ta shigo Nijar. Yau ga ta a aljihun mai amalanke, ga ta ƙulle a bakin zanen mai ƙosai.

To, me wannan ƴar na'ura ta ƙara mana? Masana sun zo ƙauyukanmu sun auna, sun rubuta, sun zuba sakamakon cikin intanet. Sai dai yawancinsa da Ingilishi yake, don haka mutanen da aka yi binciken a ƙofar gidansu ba su sami labarinsa ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo muku kaɗan daga ciki, domin manomi da malamin yaƙi da jahilci da ma'aikacin gwamnati kowa ya ɗauki rabonsa.

KUƊIN HATSI

Kafin zuwan salula, falke da ke Damagaram in yana son sanin kuɗin tiyar hatsi a Bakin Birji ko a Tasawa, dole ya hau mota ya je da kansa, ko ya jira ranar da radiyo zai karanta farashin kasuwanni. Tafiya tana cin kuɗi, tana cin wuni. Saboda haka falke yakan tsaya ga kasuwa biyu ko uku da ya saba da su. Ta haka sai a iske hatsi ya yi araha ainun a wata kasuwa, alhali a wata ya yi tsada, babu wanda ya sani balle ya kai.

Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da ake kafa ƙarafan salula gari bayan gari. Wannan ya ba ta damar gwada kasuwannin da waya ta isa da waɗanda ba ta isa ba tukuna. A 2010 ta buga abin da ta gano: inda waya ta shiga, ratar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ragowar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna, da waɗanda hanyarsu ba ta da kyau. Dalili a fili yake. Inda tafiya ta fi wuya, nan kiran minti 2 ya fi amfani. Falke ya kira, ya ji, ya kai kaya inda ake bukata. Hatsi ya isa, farashi ya sauka.

WA YA CI RIBAR?

Amma kada mu yi saurin guɗa. Ita dai wannan malama, tare da wani masani mai suna Marcel Fafchamps, sun koma sun duba kuɗin da manomi yake karɓa a hannunsa. Sun iske ratar farashin wake tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 6 cikin 100, amma ta hatsi da dawa ba ta motsa ba. Kuɗin da ake biyan manomi kuma bai ƙaru ba.

Wannan ya sha bamban da abin da aka gani a jahar Kerala ta ƙasar Indiya. A can wani masani, Robert Jensen, ya bi masunta daga 1997 zuwa 2001. Da suka sami salula, tun suna cikin teku sukan kira su ji bakin gaɓar da kifi yake da daraja, su juya jirgi su nufi can. Zubar da kifin da ya rasa mai saye ya ƙare, ribar masunta ta ƙaru da kashi 8 cikin 100, masu saye kuma suka sami sauƙin kashi 4.

Me ya raba masuncin Kerala da manomin Dakwaro? Masunci yana bisa jirginsa, duk inda ya so sai ya juya. Manominmu kuwa, ko ya ji hatsi ya yi kuɗi a Maraɗi, buhu 2 gare shi, ba shi da mota, ga bashi yana jiransa tun kaka. Dole ya sayar a kasuwar da ke kusa. Labari shi kaɗai ba ya ɗaukar buhu. Wannan darasi ne ga shugabannin ƙungiyoyin manoma: waya tana biyan manoma ne in sun haɗa kayansu wuri ɗaya, suna da rumbun ajiya, suna iya ɗaukar mota tare. Sa'an nan kiran da sakataren ƙungiya zai yi ya zama kuɗi a aljihun kowa.

ALLO A CIKIN ALJIHU

Abu na biyu ya shafe ku kai tsaye, ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci. Kowane malami ya san wannan ciwo: dattijo ya yi wata huɗu yana koyon baƙi da wasali, damina ta faɗi, a rufe aji, kafin kaka rabin karatun ya zube. Ba wai kansa ne ba ya ja ba. Ƙauyen ne babu jarida, babu littafi, babu abin da zai sa ya karanta ko layi ɗaya.

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka 113 na jahohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services. An sa masa suna ABC, wato koyon karatu ta hanyar salula. Dukan ƙauyukan an koyar da karatu da lissafi cikin harshen gida, maza da ajinsu, mata da nasu. Amma a wajen rabin ƙauyukan an ƙara darasi ɗaya: yadda ake kunna waya, a gane lambobi da baƙaƙen da ke jikinta, a rubuta gajeren saƙo a aika. An ba kowane mutum 5 waya ɗaya su yi tarayya.

Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan da aka koyar da waya sun fi sauran maki, a rubutu da lissafi duka. Wata 7 bayan an tashi daga karatu aka sake gwada su, aka iske a wajen lissafi har yanzu suna gaba. A wancan lokaci rubutaccen saƙo ya fi kira araha ƙwarai. Wanda ya iya rubutu yana gaida ɗansa da ke ci-rani da kuɗi kaɗan. Karatu ya zama abin da ake mora kullum, abin da ake mora kuwa ba ya tsatsa.

KUƊI TA WAYA

A 2007 kamfanin Safaricom na ƙasar Kenya ya fito da M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta salula. Kalmar pesa da harshen Swahili tana nufin kuɗi. Mutum ya ba wakili tsabar kuɗi, a zuba masa a waya, ya aika wa ɗan'uwansa, shi kuma ya je wurin wakilin garinsu ya karɓa. Dabarar ta bazu cikin Afirka, ta iso mu.

Bayan ƙarancin ruwan daminar 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba taimako a ƙauyuka 96 na jahar Tawa a 2010: wajen jikka 22, wato faran 22.000, kowane wata har wata 5, yawanci a hannun mata. An kasa ƙauyukan kashi uku. Na farko an ba su tsabar kuɗi a hannu. Na biyu an aika musu ta Zap, hanyar kamfanin Zain ta wancan lokaci, wadda daga baya ta koma Airtel Money. Na uku an ba su tsabar kuɗi, aka kuma ba su waya, don a gane ko mallakar wayar ce take kawo bambanci ko kuwa hanyar biyan.

An iske gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abinci a wuni. Masu binciken sun ba da dalili biyu. Na ɗaya, matan ba su ɓata wuni wajen tafiya da jiran layi ba, ga shi kuwa lokacin shuka da noma ne. Na biyu, kuɗin da ya shigo waya ba ya shela. Mace takan sami sararin shawara da maigida kafin kowa ya ji, kuɗin kuma ya fi tafiya cikin tukunya.

GARKA DAGA NESA

Ba baƙi kaɗai ke kawo dabara ba. Wani ɗan ƙasarmu, Abdou Maman Kané, mai kamfanin Tech-Innov, ya ƙago abin da ya kira Télé-Irrigation, wato ban-ruwa daga nesa. Ana haɗa injin jan ruwa da farantin hasken rana da wani ɗan akwati mai karɓar umurni ta salula. Mai garka, ko yana kasuwa ko yana wani gari, sai ya taɓa wayarsa ruwa ya fara gudu, ya sake taɓawa ya tsaya. Wanda ya taɓa ban-ruwan albasa da guga tun asuba ya san nauyin da aka sauke. A 2011 ya ci kyautar kamfanin Orange ta masu sana'ar taimakon jama'a a Afirka. A 2015 kuma, a taron duniya kan ruwa da aka yi a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, aka ba shi babbar kyautar ruwa mai sunan Sarki Hasan na II na Maroko.

Irin waɗannan ƙananan kamfanoni masu tasowa da sabuwar dabara suna bukatar reno kamar dashe. Don haka ne a 2014 aka buɗe cibiyar CIPMEN a Yamai, inda ake ba matasa wurin aiki da shawara har sana'arsu ta kafu. Abin lura shi ne, dabarar ban-ruwan nan daga wahalar garka aka faro ta, sa'an nan aka nemo na'urar da za ta yi magani. Matasanmu masu son kafa kamfani su riƙe wannan.

INDA GIZO KE SAƘA

Yanzu ga abin da ya kamata ya dame mu. A 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya. Alheri ne ga tsohuwar da ba ta yi karatu ba, domin tana jin muryar jikanta. Amma ga wanda ya sha wahala ya koyi rubutu, wannan sauƙi yana iya zama tarko. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ɗaliban Doso da Damagaram suka riƙe karatunsu shi ne suna rubutawa. In kowa ya koma danna waya yana magana, allon da ke aljihu ya koma kaset irin na da.

Akwai kuma maganar baƙaƙenmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Gajeren saƙo na salula yana ɗaukar baƙi 160, amma da an sa ɗaya daga cikin waɗannan sai ya koma 70, domin ba sa cikin jerin baƙaƙen da aka tsara wa saƙon tun farko. Haka mutane suka saba yar da lanƙwasa, har ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Wayoyin zamani suna da madannin Hausa mai ɗauke da su duka, saƙon intanet kuma ba shi da wannan iyaka. Uzuri ya ƙare.

Sa'an nan ga mazambata. Wani ya kira ya ce ka ci kyauta, ko ya ce ya aiko maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa. Wanda ya iya karatu yakan buɗe asusunsa ya duba da idonsa. Wanda bai iya ba sai ya miƙa wa wani wayarsa har da lambar sirri. Haka nan jita-jitar da ke yawo ta murya da hoto: matambayi ba ya ɓata, a tambayi wa ya faɗa, yaushe, a ina, kafin a tura wa wani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waya rijiya ce mai zurfi, ruwan cikin kuwa shi ne karatu da lissafi da haɗin kai.

Kai da ka karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci, ɗaura wa kanka niyyar rubuta saƙo ɗaya kowace rana, ko da gaisuwa ce. Rubuta sunayen mutanenka cikin wayarka da hannunka. Lambar sirrinka kuwa ta zauna a kanka kai kaɗai.

Malaman aji, ku sa waya cikin darasi kamar yadda kuke sa alli da allo.

Ku kuma ma'aikata, na gona da na lafiya da na dabbobi, in za ku aika sanarwa ƙauye, ku aika ta a rubuce cikin harshen mutanen, gajeriya, da baƙaƙe daidai, ku haɗa da murya don wanda bai iya ba. Duk sanarwar da ta isa ƙauye a rubuce darasi ne na kyauta ga wanda ya fito aji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana sani mai amfani. Sai wani jiƙon.