Motar tsere ta hannu: Abin da ƙyallin fenti ke ɓoyewa

Motoci irin su Ford Mustang da Dodge Challenger da Chevrolet Camaro da Mercedes-Benz AMG sun fara zama abin gani a titunan Kano, musamman ranakun ɗaurin aure da bukukuwan Sallah. Mafi yawansu ba sababbi ba ne. Na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Baljiyam, ko da yake akasarinsu daga Amurka ake lodo su. A yankin Sabon Gari da Fagge, inda dillalai da makanikai da masu kayan gyara suke maƙwabtaka da juna, mai kuɗi a hannu zai iya ganin mota da safe ya biya kafin La'asar. Wannan gaggawar ce ke jefa mutane cikin asara.

Motar tsere ta bambanta da Corolla ko Camry. Wanda ya fara sayenta don gudu ya saye ta, kuma da wuya ya tausaya wa injin. Saboda haka shekarunta da abin da mita ta nuna ba su isa shaida ba, balle ma ana iya mayar da mitar baya. Tarihinta ne abin bincike.

Daga ina ta fito?

Da yawa daga cikin motocin ana sayo su ne a gwanjon kamfanonin Copart da IAA na Amurka, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey da ta afka wa Texas a 2017, da ta Ian da ta afka wa Florida a 2022, sun nutsar da dubban motoci, kuma irinsu sukan ƙare a kasuwannin ƙasashen waje bayan an wanke su an gyara.

Kowace mota tana da lambar VIN, wadda aka fi sani da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofarsa. Dole ta zama iri ɗaya a wuraren biyu da kuma a takardu. Idan aka saka ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo sukan fito, a ga yadda take kafin a taɓa ta. Rahoton Carfax kuma yakan nuna hatsarin da aka rubuta da abin da mita ta nuna a baya.

Abin da ido da hanci za su gano

Gogaggun makanikai ba sa yarda su duba mota da dare ko injin yana da zafi. Tayar da shi da sassafe ne ke tona ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta injin yana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba, ko wani abu kamar madara a murfin baƙin mai, yana nuna ruwa ya haɗu da mai, aikin da ke cin kuɗi sosai.

A jikin motar, ana duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi, an taɓa bugun wurin. Ɗan maganaɗisu ba ya kama inda aka cike lotsa da kwaɓi, sai dai wasu motocin jikinsu na alminiyam ne, wanda dama maganaɗisu ba ya kamawa. Warin danshi, da laka a ƙarƙashin kafet, da tsatsa a ƙarafan kujera, duk shaidar ruwa ne. Irin wannan mota takan yi lafiya wata biyu ko uku, sannan wayoyinta su fara rikicewa ɗaya bayan ɗaya.

Idan aka murɗa makulli, fitilun gargaɗi na inji da burki da jakar iska su kama tare, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an kashe ta ne da gangan. Na'urar OBD, wadda motocin Amurka ke da mahaɗinta tun 1996, takan karanto matsalolin da kwamfutar motar ta adana. Taya ma tana magana: lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayoyin baya da suka cinye fiye da na gaba suna nuna an sha wasa da motar.

Takardu da kuɗin riƙo

Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a 2022 Hukumar Kwastan ta fara ƙiyasta haraji da lambar VIN. Motar da ba a biya mata cikakken kuɗin fito ba ana iya kama ta a hanya, kuma wanda take hannunsa ne zai sha wahala, ba dillali ba. Tantance takardun a ofishin kwastan kafin a biya ya fi sauƙi a kan neman a sako mota.

Bayan saye kuma akwai riƙo. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, cika tankin injin V8 ya zama babban lissafi. Motar gajera ce, cikinta dab da ƙasa, ga ramuka da ruwan da ke kwanciya a wasu titunan Sabon Gari da damina. Kayan gyaran Toyota suna nan birjik a Kasuwar Ƙofar Ruwa, amma na Mustang ko AMG sau da yawa sai an yi odarsu daga Legas ko Dubai, da farashin dala.

Shi ya sa masu sanin harkar ke zuwa da makanikensu, ba wanda dillali ya kawo ba, su hau titi da motar su ji yadda giya ke shiga da yadda burki ke kamawa, su sa a ɗaga ta su leƙa ƙarƙashinta. Duk mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan, ya riga ya ba da amsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a motar tsere, ragin da aka samu ranar ciniki galibi a garejin makanike ake biyansa.