Steve Reich da kiɗan tafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san daɗin abin yana wurin da taɓaryar wannan ke faɗawa tsakanin bugun waccan. A kan irin wannan saɓani Steve Reich, Ba'amurken da aka haifa a New York a 1936, ya gina sana'arsa ta tsara kiɗa. Salonsa ba ya son tarkace: ɗan guntun sauti ne za a ɗauka a yi ta maimaitawa, ana gusar da shi kaɗan-kaɗan.

Na'ura ce ta fara koya masa. A 1965, a San Francisco, ya ɗauki muryar wani mai wa'azi da ya naɗa a bainar jama'a, ya kunna guntunta a rikoda biyu lokaci ɗaya. Ɗaya ta ɗan fi sauri, sai muryar ta rabu biyu tana bin kanta a guje, har maganar ta narke ta zama kiɗa. A 1970 ya je Jami'ar Gana da ke Legon koyon kiɗan ganga na Ewe. Zazzaɓin cizon sauro ya koro shi bayan mako biyar, amma bai dawo hannu rabbana ba.

A cikin kaɗe-kaɗensa, wanda ya fi burge ni shi ne Clapping Music na 1972, don ba ganga, ba goge, mutum biyu ne kawai da tafukansu. Tafi uku, shiru, biyu, shiru, ɗaya, shiru, biyu, shiru. Gurbi 12 ke nan. Na farko ya riƙe wannan ba ya motsi. Na biyu ya bi shi na ɗan lokaci, sannan ya zame gurbi ɗaya gaba, can ya sake zamewa. Kowace zamiya da sabon launin da take haifarwa, har a karo na 12 su sake haɗewa.

Ba kowa ke jurewa ba, kuma ban ga laifinsu ba. A 1973 masu sauraro a Carnegie Hall sun yi wa kiɗansa Four Organs ihu tun ana cikin kiɗan. Shi dai wannan Reich ɗin ne ya karɓi kyautar Pulitzer a 2009.

Mai karatu, samu abokinka ku gwada tafin nan yau da yamma. Ka zaɓi zama na farko, za ka ga wuyar riƙe naka alhali na kusa da kai yana zamewa.